Ƙofar da Aka Bar wa Mamaci

Akwai wani aibu da ya yi yawa a cikinmu, kuma abin da ya sa maganinsa ke wuya shi ne yana kama da kyakkyawan hali. Mutum zai ga abin da ya wajaba a kansa, ya san lokacinsa ya yi, amma ya ɗaga shi zuwa gobe don gudun kada a ce ba shi da kunya. Idan aka tambaye shi sai ya ce girmamawa ce. Alhali idan aka bi maganar a hankali za a tarar ba wanda ake girmamawar ya tsare ba, fuskarsa ya tsare, nauyin kuma ya bar shi ya faɗa kan wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. Rayuwar Umara Gana, ma'aikacin kwamfuta a wani asibiti mai zaman kansa a Maiduguri, ta isa misali, domin shi ba malalaci ba ne, ba kuma maci amana ba. Sau ɗaya ya ji kunya a inda ba gurbinta ba.

An haifi Umara a unguwar Lamisula. Mahaifinsa tela ne, kuma daga wurinsa ya gaji haƙurin warware zaren da ya harɗe ba tare da ya tsinka shi ba. Da ya gama karatun kwamfuta ya yi shekara biyu yana gyara a wani shago, har ranar da Malam Abdulsalami, shugaban sashen katin marasa lafiya na asibitin, ya kawo masa na'urar da ta ƙi tashi. Malam ya zauna yana kallon yadda yake rubuta duk abin da ya taɓa kafin ya taɓa na gaba. Bayan mako ɗaya ya kai shi gaban mai asibitin, Dakta Muhammad Auwal, ya ce, "Ga wanda muke nema."

Aikin da aka ba shi ba mai ɗaukar ido ba ne. Akwai wata babbar kwamfuta a ɗan ɗaki ƙarƙashin bene, wadda suke kira saba, a cikinta bayanan duk wanda ya taɓa zuwa asibitin suke: suna, lambar waya, ciwo, da sakamakon gwaji. Daga ita wayoyi suka ratsa silin zuwa ɗakin likita, ɗakin gwaji da ɗakin kati. Umara ne ke kula da duka. Shi ke neman inda ɓera ya ci waya, shi ke lura da batiran inbata mai riƙe wuta idan an ɗauke, shi ke ba kowane ma'aikaci sunan shiga da kalmar sirrinsa. An san shi da tsanani. Ya sha yage takardar da wata nas ta manna a gefen allo ɗauke da kalmar sirrinta, ya tsaya a kanta sai ta sake wata. A ambaliyar shekarar 2024, da ruwa ya shigo harabar asibitin, shi ya ɗauki sabar a ka ya hau da ita bene, ya sauko ya tarar babur ɗinsa ya nutse. Ba a rasa katin mutum ɗaya ba.

Bayan ambaliyar da 'yan watanni ciwon ƙoda ya kwantar da Malam Abdulsalami. Mutum ne da ba ya iya zama ba aiki, don haka ya roƙa a ba shi hanyar duba katuna daga gidansa a Umarari. Umara ya ɗauki laftof ɗin asibiti guda, ya buɗe mata wata keɓaɓɓiyar hanya ta intanet wadda ke shigar da ita cikin sabar kamar tana cikin ginin. Da yake hannun Malam ya soma rawa, ya sa na'urar ta riƙe kalmar sirrin da kanta. Ya raɗa mata suna Malam-Gida, don ya riƙa gane ta a rajistar da sabar ke rubutawa ta masu shiga da fita.

Malam ya rasu ranar wata Talata. Ranar Alhamis Umara ya shiga ofishin Dakta da takarda a hannu, ya ce ƙa'ida ita ce a rufe sunan mamaci, a kuma karɓo na'urar.

Dakta ya cire tabarau ya dube shi. "Haba Umara. Yau kwana biyu. Mutumin da ya kawo ka gidan nan? Ka je ka tsaya a kan matarsa tana takaba ka ce ta ba ka laftof? Bari a yi arba'in."

Umara ya ninke takardar ya fita. A nan ya kamata a rarrabe abu biyu da aka haɗa. Karɓo na'ura daga gidan makoki abu ne da zai iya jira, kuma jiransa ladabi ne. Rufe sunan shiga kuwa aikin minti ɗaya ne a ɗakin saba, ba ya bukatar sallama a ƙofar kowa, ba kuma zai ƙara wa matar mamaci ko ɗigon hawaye ba. Umara ya san wannan bambanci fiye da Dakta. Ya zauna gaban allo a ranar, ya kai hannu kan sunan Malam, ya ji kamar zai sake binne shi, ya janye. Arba'in ta zo ta wuce. Duk ranar da ya buɗe jerin ma'aikata yana ganin sunan, ya ce gobe. Ba mantuwa ya yi ba, kuma shi kansa bai taɓa cewa mantuwa ce ba.

Wata biyar bayan rasuwar, ranar Alhamis da hantsi, wani babban ɗan kasuwar wake mai suna Alhaji Uwais ya shigo asibitin ba tare da ya karɓi kati ba. Ya tura ƙofar Dakta, muryarsa kuma ta kai har ɗakin gwaji.

"Wani ya kira ni jiya, ina tsakiyar mutane a rumfa. Ya ce, Alhaji, na ji labarin hantarka, ina da maganin da zai wanke ta cikin kwana bakwai. Hantata! Uwar 'ya'yana ba ta sani ba. Ku kaɗai kuka sani, ku da Allah. Wa ya ba shi lambata?"

Dakta ya yi ta ba shi haƙuri. Alhaji ya ce ba haƙuri ya zo karɓa ba. Ya ce ranar Litinin da ƙarfe goma zai dawo da 'yan sanda, ko a miƙa musu wanda ya fitar da sirrinsa, ko su tafi da Dakta da kansa. Kafin azahar wasu mutum biyu sun kira da irin wannan ƙorafi.

Dakta ya sa aka buga masa rajistar makon da ya wuce, ya bi ta da biro da kansa. Bai daɗe ba ya zagaye wani wuri. Ranar Juma'a, tsakanin ƙarfe ɗaya da minti arba'in zuwa biyu da kwata, an buɗe katin mutum sittin da uku a jere, har da na Alhaji Uwais. Al'adar asibitin kuwa ita ce duk Juma'a maza su tafi masallaci da ƙarfe ɗaya da rabi, nas-nas su koma ɗakin marasa lafiya a sama, a bar ɗakin kati a hannun mutum ɗaya: Dorothy Pindar, 'yar Biu, wadda ta shekara tara a wannan kujera, tana riƙe da 'ya'ya uku tun rasuwar mijinta.

Aka kira ta. Ta tsaya da hannu a baya, Umara na gefe.

"Dakta, ranar Juma'a ni abinci na ci, na yi gyangyaɗi. Wallahi ban buɗe katin kowa ba."

"To aljani ne ya buɗe?"

"Ya Umara, ka faɗa masa mana. Kai ka san injin."

Umara ya karɓi takardar. Dakta ya duba lokaci ne kawai, shi kuwa idonsa ya tafi layin da ke nuna sunan wanda ya shiga. Abdulsalami. Ya ce da sunan marigayi aka shiga, ba da nata ba.

"Shi ke nan ai," in ji Dakta. "Shekara nawa tana zaune kusa da shi? Ta san kalmar sirrinsa, ta ɓuya a bayan mamaci. Dorothy, ajiye makulli, je ki gida. Litinin ki zo da ƙarfe tara."

Ta ajiye makullin a hankali kamar mai tsoron ya fashe. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ya Umara, in suka tafi da ni, wa zai ɗauko yara daga makaranta?"

Umara ya shiga ɗakin saba ya rufe ƙofa. Abu na farko da ya yi shi ne abin da ya ƙi yi wata biyar: ya rufe sunan Malam Abdulsalami. Bai kai minti ɗaya ba. Sannan ya kwafi rajistar gaba ɗaya ya adana a wuri biyu, don kada wani ya taɓa ta, ko shi kansa zuciyarsa ta raya masa ya taɓa. Daga nan ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba, yana rubutawa.

Shin daga kwamfutar ɗakin kati aka shiga? A'a. Duk Juma'a ana kashe janareta idan za a tafi masallaci, inbata kuma sabar da na'urar intanet kaɗai take ɗauka. Kwamfutar Dorothy a mace take a wannan lokaci. Shin da waya ta shiga ta wai-fai ɗin asibiti? Ya duba na'urar da ke rarraba shi, babu wata baƙuwar waya da ta hau a ranar. To ta ina? Kowace na'ura da ta shiga sabar tana barin lambar da ke nuna daga inda ta fito. Wannan lambar ba ta cikin gida ba ce. Ta keɓaɓɓiyar hanyar nan aka zo, daga waje. Ya matsa gefe ya karanta sunan na'urar, ko da yake ya riga ya san abin da zai gani. Malam-Gida.

Ya koma baya mako uku. Shigar ba ta Juma'a kaɗai ba ce. Akwai ta Talata, akwai ta Laraba, sun ɓace ne cikin hada-hadar ranakun aiki. Akwai kuma ta Lahadi da ƙarfe goma na safe, lokacin da ɗakin kati ke kulle, Dorothy kuma tana coci. Jimilla an buɗe katin mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya.

Bayan la'asar ya kai wa Dakta abin da ya gano. Dakta ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya murza makullin ƙofa, ya dawo ya zauna.

"Ka rufe hanyar?"

"Na rufe."

"Madalla. To ɓarna ta tsaya. Yanzu ka yi tunani da ni. Idan aka ce ma'aikaciya ɗaya ta ci amana, an kore ta, mutane za su ce asibitin ya yi hukunci. Idan aka ce asibitin ne ya bar ƙofa a buɗe wata biyar, wa zai sake kawo mana jininsa? Mutum talatin ke ci a gidan nan. Ni zan lallashi Alhaji kada a kai ta kotu. Ta kwana ɗaya ko biyu a wurinsu, a sake ta, in nema mata wani abu a wani wuri."

"Dakta, ba ita ba ce."

"Na ji. Kai ne. Ko ka manta aikin wa ne rufe sunan?"

"Ban manta ba. Ban kuma manta wanda ya ce a bari a yi arba'in ba."

Dakta ya ce, "Kana da mata mai ciki, Umara. Je ka yi tunani zuwa Litinin."

Ya dace a yi wa hujjar Dakta adalci, domin ba hujjar mahaukaci ba ce. Gaskiya ne mutum talatin sun fi mutum ɗaya yawa. Amma lissafin ya ginu ne a kan cewa sunan Dorothy kaya ne na asibiti da za a iya bayarwa a fanshi sauran, alhali ba nasu ba ne. Sannan akwai abin da Dakta bai fahimta ba, wanda Umara ya fahimta: rufe hanya ya hana sabuwar shiga ne kawai. Abin da aka riga aka kwasa yana hannun wani a cikin gari, kuma wayar mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya za ta ci gaba da ƙara ko an kori Dorothy ko ba a kore ta ba.

Ranar Juma'a da safe ya hau keke-napep zuwa Umarari. Hajja Inno, matar marigayi, ta fita takaba kwana ashirin da suka wuce. Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta yi masa sannu da Barbarci, "Wushe, ɗan Malam. Sai yau?" Ta sa aka kawo shayi. Suka yi ta'aziyya sabuwa, suka yi addu'a. Ya sha kofi ɗaya, ya sha na biyu, bai kawo maganar ba. Sai da ta soma tattara kofuna ya ce, "Hajja, injin da Malam ke aiki da shi, yana nan?"

"Wannan baƙin? Ai ya shiga gado. Da aka zo ƙiyasta kaya aka sa shi tare da firij da babur, aka sayar, aka raba wa yara."

"Na asibiti ne, Hajja."

Ta ajiye faranti. "Na asibiti? Wata biyar babu wanda ya ce na asibiti ne. Kun zo ta'aziyya, kun zo bakwai, kun zo arba'in, kun ci, kun sha. Yanzu kana cewa marayu sun ci abin da ba nasu ba?"

"Ba laifinku ba ne. Laifina ne da ban faɗa ba."

"To da ka ci gaba da yin shirun."

Ya sunkuyar da kai ya bar ta ta gama. Sannan ya gaya mata akwai wata mata mai marayu uku da za a kama ranar Litinin saboda wannan na'ura. Hajja ba ta dube shi ba ta ce wani Imran ne ya saya, mai sayar da maganin gargajiya a Ajilari, kusa da inda ake sayar da itace. Ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta ce ya gaida gida ba.

Ya je Ajilari a ranar ya tarar da shagon a rufe, maƙwabta suka ce Imran ya tafi ƙauye saro saiwa, sai gobe ko jibi. Umara ya koma gida da wannan "ko jibi" a ransa. Ranar Asabar ya dawo tun da hantsi ya zauna a benci. Azahar ta yi, babu shi. Sai dab da la'asar wani siririn mutum mai fara'a ya sauka daga keke-napep da buhu biyu, ya buɗe shagon. A kan tebur, tsakanin kwalaben tsimi da ƙullin gari, ga laftof ɗin, da lambar asibiti a manne a gindinta.

Imran bai ɓoye komai ba, domin bai ga abin ɓoyewa ba.

"Malam, halak ɗina na saya, da shaidu. Na saya ne don in riƙa buga takardar manna wa kwalba. Ran nan na jona ta da wayata, na taɓa wani ɗan hoto, sai ga sunaye kamar an buɗe rumbu. Wane, ciwon suga, ga lamba. Wance, hawan jini, ga lamba. Na ce ikon Allah, ga masu ciwo, ga mai magani. Da ina yawo da lasifika a rana ina kiran wanda ban sani ba."

"Ranar Juma'a da ƙarfe biyu saura kai ne a ciki?"

"Ni ne. Masallacinmu ƙarfe ɗaya muke sallamewa. Lokacin nan babu ciniki, sai in zauna in kwafa. Amma tun shekaranjiya ta ƙi buɗewa. Ko kai ne mai gyaran?"

"Ni ne na rufe."

Fara'ar ta ragu. Umara ya ce yana son na'urar, da duk inda ya kwafi lambobin. Imran ya jawo wani littafin makaranta mai bango shuɗi ya ɗora hannu a kai.

"Injin kuɗina ne. Littafin kuma gumina ne, mako uku ina rubutu har idona ya yi ja. Kai wane ne da za ka zo ka kwashe?"

Umara bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka kira wani Alhaji ranar Laraba ka yi masa maganar hantarsa a gaban mutane."

"Na tuna shi. Mai zagi."

"Jibi da ƙarfe goma zai zo asibiti da 'yan sanda. Lambar da ka kira shi da ita tana cikin wayarsa. Ko na yi magana ko ban yi ba, za su iso nan. Bambancin kawai shi ne su tarar da littafin nan a hannunka, ko su tarar ka mayar da shi da kanka tun kafin a tambaye ka. Idan ka ba ni, zan faɗa a gabansu cewa ba fasa ƙofa ka yi ba, a buɗe ka same ta, kuma ni na bar ta a buɗe."

Imran ya dube shi da mamaki. "Za ka faɗi haka a kan kanka? Kai kuwa lafiyarka ƙalau? Ina da maganin wannan ma."

Umara ya buɗe jakarsa ya fito da tasa laftof ɗin, wadda ya kwashe komai daga cikinta tun da safe, kuma ta fi waccan sabunta nesa ba kusa ba. Ya ajiye a kan tebur. Imran ya juya ta, ya ɗaga, ya auna nauyinta a hannu. Sannan ya ture tsohuwar da littafin zuwa gabansa. Umara bai tashi ba sai da suka bi wayar Imran lamba bayan lamba suka goge waɗanda ya adana, har aka kira magariba.

Ranar Litinin Dorothy ta zo tun takwas da rabi, da ɗan ƙullin kaya a leda, saboda an gaya mata wanda aka kama yakan bukaci zane da sabulu. Ƙarfe goma daidai Alhaji Uwais ya shigo da ɗan sanda ɗaya cikin farin kaya. Dakta ya gyara murya ya soma cewa bincike ya nuna an yi amfani da sunan wani tsohon ma'aikaci a lokacin da mutum ɗaya ne ke ɗakin. Bai ƙarasa ba Umara ya ajiye laftof da littafin a kan tebur.

"Alhaji, ka ba ni minti goma."

Ya yi bayanin da kalmomin da mai sayar da wake zai gane. Ya ce a ɗauka sito ne mai ƙofa biyu, ta gaba da ta baya. Ta gaba ita ce a hannun wannan baiwar Allah, kuma a ranar a kulle take, ga shaida. Ta baya an yi ta ne don marigayi, makullinta yana jikin wannan na'ura, na'urar ta shiga gado, aka sayar. Ya nuna shigar ranar Lahadi. Ya buɗe littafin ya nuna wa Alhaji sunansa da rubutun Imran, ya rufe sauran da tafin hannu.

"Wa ke da alhakin toshe ƙofar bayan?" in ji ɗan sandan.

"Ni."

"Kai kaɗai?"

Umara ya dubi Dakta. Dakta yana kallon tebur. Umara ya ce, "Na nemi izini aka ce in jira arba'in. Amma rufewar ba ta bukatar izinin kowa. Aikina ne, ban yi ba."

Alhaji Uwais ya daɗe yana dubansa. "Don me ba ka yi ba?"

"Kunyar mamaci na ji."

"Ka ji kunyar mamaci, ka tona asirin masu rai." Ya miƙe ya gyara babbar riga. Ya juya ga Dorothy ya ce, "'Yata, ɗauki ledarki, ki yafe mini." Ya ce wa ɗan sandan su tafi, ba zai ɗaure mutumin da ya kawo kansa ba, amma shi da asibitin nan har abada. Kafin ya tafi, a gabansa aka ƙona littafin a bayan ɗakin janareta.

Umara ya nace sai an kira sauran mutum ɗari biyu da goma an gaya musu abin da ya faru. Dakta ya ƙi, sannan ya yarda da rabin baki, Umara da Dorothy suka yi kwana huɗu suna kira. Wasu sun yi godiya, wasu sun yi zagi, da yawa ba su sake dawowa ba. A ƙarshen watan aka ba Umara takardar sallama mai ɗauke da yabon shekarun da ya yi. Kafin ya miƙa makullin ɗakin saba ya rubuta wa wanda zai gaje shi ƙa'ida ɗaya a shafin farko: ranar da ma'aikaci ya bar aiki, da rai ko da mutuwa, a ranar ake rufe sunansa. Abu na ƙarshe da ya yi a kan sabar shi ne rufe nasa.

Dorothy Pindar tana nan a kujerarta, yanzu ita ce shugabar sashen. Umara kuwa ya koma Lamisula, ya raba tsohon shagon ɗinkin mahaifinsa biyu, ya sa tebur a rabi. Yana gyara kwamfuta, yana ja wa ƙananan makarantu waya. Abin da aka fi saninsa da shi a unguwar wani aiki ne da babu mai yin sa a da: idan an yi rasuwa, kafin a ƙiyasta kaya, magada kan kawo masa waya ko laftof ɗin mamaci, ya fitar musu da hotuna da takardun da suke so, ya mayar wa ma'aikata abin da yake nata, ya goge saura. Ba ya jiran arba'in, kuma yakan faɗi dalili ga wanda ya tambaya. Samunsa bai kai na da ba. Matarsa ta haifi namiji, ya sa masa suna Abdulsalami, ya aika Umarari da goro da katin suna. Hajja Inno ba ta zo ba, ba ta kuma aiko ba. Duk sallah yana zuwa gaishe ta, ana ce masa tana barci, ya ajiye abin da ya kawo a zaure ya koma shago.